Dillali ya ce fetur ɗinmu ne ya tara wa injina kabon, ya ƙi gyara da garanti: ina neman haske

Ma'aikaci daga Gesse, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba sanin injin mota da kuma waɗanda suka san ƙa'idar ciniki, domin al'amarin da ya kawo ni ya haɗa duka biyun, kuma ya kwana biyu yana hana ni sukuni.

Yau shekara biyu da wata huɗu ke nan da na sayi mota sabuwa fil a hannun wani babban dillali a Abuja, bayan na haɗa bashin ƙungiyar ma'aikata da kuɗin shinkafar rani da na noma shekara biyu a jere. Abin da ya sa na bar 'yar Kwatano na ɗauki sabuwa duk da tsadarta shi ne garanti, wanda takarda ta ce shekara uku ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Injin ƙarami ne, lita 1.5, yana da turbo, kuma irin wanda yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne. Yanzu motar ta ci kilomita 58,000.

Tun watan Maris na fara ganin canji. Idan na tayar da ita da safe sai ta yi ta kakkarwa na minti ɗaya ko biyu, har madubin gefe yana rawa, sannan ta daidaita. Da rana kuma, idan na wuce Kalgo ina hanyar Jega na taka totur domin in wuce tirela, sai in ji wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara ana kaɗawa, ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta ɗauke. Shan mai ya ƙaru, daga baya fitilar injin ta kama.

Na yi tafiyar yini guda na kai ta wurin dillalin. Suka ɗora mata kwamfuta suka ce silinda ta biyu da ta uku suna tsallake wuta, suka zura wata 'yar kyamara, suka ce kabon ne, wato baƙin datti mai kama da gawayi, ya taru a bayan bawul, ƙofar da iska take bi ta shiga silinda. Daga nan manajan sashen gyara ya buɗe murfin tanki ya nuna mini lamba 95 da aka rubuta a ciki, ya ce fetur ɗin da nake sha bai kai wannan lambar ba, shi ne ya jawo kabon, don haka laifin mai ne, garanti ba ya ciki. Da na nuna masa cewa a ƙasan 95 ɗin an rubuta 91 da ƙaramin rubutu, sai ya koma kan cewa littafin sabis ya nuna sau biyu na yi juyen baƙin mai a waje, ba a wurinsu ba. Wannan gaskiya ne, na yi shi a nan Birnin Kebbi, domin ba kowane wata shida mutum zai iya barin aiki ya kama hanyar Yawuri da Kontagora saboda juyen mai ba. Kuɗin da suka yanka mini na wanke injin ya kusa albashina na wata biyu.

Abin da nake son sani shi ne ko da gaske ƙarancin wannan lambar yana tara kabon, kuma idan haka ne, a ina ɗan Kebbi zai samu fetur mai 95, alhali duk gidan man da na sani famfon fetur iri ɗaya ne? Sannan ko juyen man da na yi a waje ya isa ya kashe mini garanti gaba ɗaya? Saura wata takwas ya ƙare, kuma ba na son in yi sake har lokacin ya wuce.

Tsohon malamin fasaha, Argungu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya warware maka. Na koyar da aikin injin mota shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma abin da ya dame ni a bayanin da aka yi maka shi ne an ɗaure cuta biyu da igiya ɗaya, alhali kowacce da asalinta. Ƙarar da kake ji a hanyar Jega maganar okten ce. Kakkarwar safiya kuwa maganar kabon ce da ya matse hanyar iska. Suna iya haɗuwa a injin ɗaya, kowacce tana ƙara wa 'yar'uwarta nauyi, amma ta farkon ba ita ta haifi ta biyun ba.

Lambar okten, wato 95 da 91 ɗin da ke murfin tankinka, tana auna haƙurin fetur ne, wato iya matsi da zafin da zai jure kafin ya kama da kansa. Babu ruwanta da tsabtarsa ko yawan ƙarfin da ke cikinsa. A injin mai lafiya, fistin yana matse iska da fetur, fulogi ya kyasta, wuta ta bazu daga tsakiya zuwa gefe a tsare, kamar yadda wuta take cin busasshiyar gona daga inda aka cinna mata. Idan fetur ba shi da haƙuri, sai ragowar da ke can gefe ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi, wannan fashewar ta daki fistin da bangon silinda, ita ce tsakuwar da ka ji cikin gwangwani. A kula, wannan ba shi ne abin da kanikawanmu suke nufi ba idan suka ce injin ya buga ko ya yi nokin, domin su suna nufin injin ya cije ya ƙi juyawa, galibi saboda rashin baƙin mai. Sai dai idan aka bar ƙaramar ƙarar nan ta daɗe tana da ƙarfi, tana iya cin gefen fistin ta karya zobe, ta kai mutum ga babbar.

An kafa ma'aunin ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1920, inda aka ɗauki wani sinadari mai tsananin haƙuri da ake kira aiso-okten aka ba shi 100, aka ɗauki wani mai saurin fashewa da ake kira heptan aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda, a injin gwaji, yake jure matsi daidai da gaurayen kashi 91 na na farko da kashi 9 na na biyu. Amma hanyar gwajin iri biyu ce, mai sauƙi da ake kira RON da mai tsanani da ake kira MON. Turai da mu nan Afirka muna rubuta RON, Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba biyu, shi ya sa lambarsu take fitowa ƙasa da maki huɗu ko biyar. Fetur ɗin da Ba'amurke yake kira 87 shi ne kusan 91 a namu lissafin, kuma mizanin fetur na Najeriya a wajen 91 ɗin yake. Tunda motarka sabuwa aka kawo ta domin wannan kasuwar, lambobin murfinka RON ne, kuma ma'anarsu ita ce injin ya fi jin daɗin 95, amma an ƙera shi ya yi aiki da 91 ba tare da ya cutu ba. Yana iya yin haka ne saboda akwai wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin injin mai sauraron wannan ƙarar, da zarar ta ji sai ƙwaƙwalwar mota ta jinkirta kyasta fulogi kaɗan. Abin da kake biya shi ne raguwar ƙarfi da ƙarin shan mai. Zafin ƙasarmu yana ƙara tsananta abin, domin iskar da ta shiga injin da zafi ta fi saurin sa fetur ya fashe, kuma kai shaida ne cewa a watan Afrilu da Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40.

Yanzu ga inda maganar manajan ta karye. A tsofaffin injuna, nozul yana zaune ne a bayan bawul ɗin shigar iska, yana fesa fetur a kansa da matsin da bai wuce uku ko huɗu ba a ma'aunin matsi da ake kira bar, don haka duk juyin da injin ya yi fetur yana wanke bawul ɗin. A irin naka, wanda Mitsubishi ta fara yawaita shi a kasuwa a 1996 da sunan GDI, kuma yau kusan kowane kamfani yake yi, an mayar da nozul cikin silinda yana fesawa da matsin da yake kai bar 200 ko fiye. An samu ƙarfi da tsimin mai, amma bayan bawul ya zama busasshen wuri da fetur ba ya taɓawa ko kaɗan. Abin da yake bi ta wurin shi ne iska da tururin baƙin mai da ake zuƙowa daga cikin injin a mayar ta hanyar iska domin a ƙone shi, wani lokaci har da ɗan hayaƙin salansa da ake dawowa da shi. Wannan tururin shi yake sauka kan bawul mai zafi ya dahu, yau kaɗan gobe kaɗan, kamar yadda ƙanzo yake kama gindin tukunya. To, fetur ɗin da bai taɓa isa wurin ba, ko 91 ne ko 98, ta yaya lambarsa za ta zama sanadin abin da ya taru a can? Masu ƙera motoci sun san wannan sarai. Toyota tana da tsarin da ta kira D-4S, mai nozul biyu ga kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul, kamar yadda yake a Camry ta 2018, kuma cikin amfaninsa akwai wanke bawul ɗin.

Domin adalci, zan faɗi inda mai yake da hannu. Fetur maras kyau yana iya dasashe bakin nozul, feshinsa ya lalace, ya bar baƙi a kan fistin. Wannan baƙin yana rage faɗin ɗakin ƙonewa, matsi ya ƙaru, kuma yana riƙe zafi kamar garwashi, sai injin da a da yake wadatuwa da 91 ya koma neman fiye da haka. Ina zaton shi ya sa shekara biyu ba ka ji ƙarar ba sai bana. Amma abin da kyamararsu ta nuna maka bayan bawul ne, kuma a kansa suka yanka maka kuɗi.

Bakanike daga Gusau:

Baba Malam ya yi bayanin da mu masu riƙe da sifana muke gani da ido ba tare da mun iya tsara shi haka ba, Allah ya ƙara masa lafiya. Zan ƙara abin da hannuna ya taɓa, kuma akwai wuri ɗaya da nake ganin ya yi wa mai sassauci.

Makon jiya na buɗe hanyar iskar wata mota irin wannan da ta ci kilomita wajen 90,000. Da na haska tocila cikin ramin, ban ga ƙarfen bawul ba sam. Daga sama abin busasshe ne kamar gawayi, yana ɓarɓashi idan ka taɓa shi da tsinke, amma a ƙasa mai danƙo ne kamar kwaltar da rana ta dafa, ya naɗe wuyan bawul ɗin har ya yi masa rawani. Ramin da ya kamata babban yatsana ya shige, ƙaramin ma da ƙyar ya shiga. Da safe injin yana sanyi iska ba ta shiga daidai, wata silinda ta samu, wata ta rasa, shi ne kakkarwar da mai tambaya yake ji, idan ya ɗauki zafi kuma sai abin ya lafa. Ga wanda ya ci 58,000 kawai, in har kabon ya kai ga tsallake wuta a silinda biyu, ni a ganina ya yi sauri, kuma ruwa ba ya tsami banza. Kafin a wanke komai, a duba ƙaramin bawul ɗin da yake sakin tururin baƙin mai, a duba ko turbo tana yoyon mai cikin bututun iska, a kuma auna yawan baƙin man da injin yake sha a kilomita 1,000. Idan aka wanke ba a gano inda man yake fitowa ba, kafin shekara abin ya dawo.

Wankin kansa ba ya buƙatar a sauke kan injin a yawancin motoci, don haka duk wanda ya ce sai ya ɗaga tof silinda, a tambaye shi dalili. Ana cire bututun iska ne, a juya injin da hannu har bawul ɗin silindar da za a yi wa aiki su rufe ruf, a toshe sauran ramukan. A ƙasashen waje suna harba niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace mai tauri da ake kira walnot, suna zuƙe shi a lokaci guda, domin yana kankare kabon amma ba ya cin ƙarfe. Wanda ba shi da wannan injin yana jiƙa wurin da maganin narkar da kabon, ya kankare da tsinke da burushi, ya zuƙe, ya maimaita har ƙarfe ya fito fes. Aikin yini ne ga mai haƙuri. Kada a yarda kowa ya harba yashi, domin ƙwaya kaɗan idan ta faɗa silinda ta isa ta kashe injin. Maganin kwalba da ake zubawa a tanki kuwa yana taimakon nozul, amma ba zai isa bayan bawul ba, saboda dalilin da Baba Malam ya faɗa.

Inda na ce ya yi sassauci shi ne, 91 ɗin da ke takarda ba lallai shi ne yake shiga tankin mutum ba. Daga inda tanka ta yi lodi zuwa nan tafiya ce mai nisa, hannuwa da yawa suna taɓa man, kuma wanda mai ya yanke masa tsakanin gari da gari ya tsaya wurin 'yan bumburutu, bai san me ke cikin jarkar ba. Idan aka gauraya fetur da kananzir ko wani ragowar mai, haƙurinsa yana faɗuwa ƙasa sosai, har na'urar da ke sauraron ƙara ta kai iyakarta ta kasa rufe ɓarnar. Kowa kuma yana tune da Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, hukuma da kanta ta sanar, aka janye shi, layi ya cika gidajen mai. Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa yarana. Ka ɗiga man a farar takarda ka bar shi ya sha iska, fetur na gari zai tashi ya bar takardar a bushe, mai kananzir zai bar tabon maiƙo.

Sai maganar juyen mai. Ni ban damu da inda aka yi shi ba, na damu da abin da aka zuba. Ƙananan injunan turbo masu fesawa kai tsaye suna da wata muguwar fashewa da takan zo idan injin yana juyawa a hankali aka taka totur da ƙarfi, kuma an gano irin baƙin man da ke ciki yana da hannu, shi ya sa aka fito da mizanin ingancin baƙin mai da ake kira API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Mai tambaya ya duba galan ɗin da aka zuba masa ko yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu, da kuma kaurin da littafin motarsa ya ce. Ya duba shafin da yake maganar tuƙi a wuri mai ƙura da zafi, zai ga an rage tsawon lokacin juye, kuma mu duk shekararmu a wannan shafin take, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara. Dogon zama cikin mota a tsaye injin yana aiki saboda sanyin AC, da gajerun tafiye-tafiye daga gida zuwa sakatariya, duk suna ciyar da kabon.

Lauya daga Zuru:

Malam, Allah ya ba da mafita. Bayanin injin na bar wa Baba da maigidan gareji, zan tsaya kan takarda.

Garanti alkawari ne a rubuce, kuma kusan ko'ina abin da yake ɗauka shi ne aibin da ya fito daga kayan da aka yi motar da su ko daga aikin ƙera ta. Yana cire abubuwan da suke cinyewa da amfani, da aikin kula na yau da kullum, da ɓarnar da gurɓataccen mai ya jawo. Kamfanoni da yawa suna jefa wankin kabon cikin aikin kula, don haka kada ka tafi da zaton cewa kalmar kabon ita kaɗai za ta ci maka nasara. Ƙarfinka yana wuri biyu ne. Na farko, idan binciken da maigidan gareji ya lissafa ya nuna wani ɓangare ne ya lalace yake tura baƙin mai hanyar iska, to wannan ɓangaren aibi ne da garanti ya ɗauka, kuma kabon ɗin ɓarnarsa ce, ya kamata ta bi shi. Na biyu, wanda ya sayar maka da mota sabuwa a Najeriya, da littafin da ya yarda da 91, yana sane da man da ake sayarwa a ƙasar, ba shi da bakin cewa shan wannan man saɓa ƙa'ida ne, sai dai ya nuna cewa man da ke tankinka gurɓatacce ne, wannan kuma sai da gwajin samfur, ba da duban ido ba.

Game da juyen da ka yi a waje, za ka ji masu karanta shafukan Amurka suna cewa dillali ba shi da ikon soke garanti saboda ka yi sabis a wani wuri. Wannan gaskiya ne a can, domin suna da dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana a ɗaure garanti da sayen kaya ko aikin kamfani, sai an nuna aikin wajen ne ya jawo ɓarnar. Dokar ba ta aiki a nan. Abin da zai yi maka hukunci shi ne ɗan littafin garantin da aka ba ka ranar ciniki, don haka ka karanta shi layi-layi. Wasu suna cewa dole ne a yi sabis a wurin da suka amince, wasu kuma suna cewa a yi shi kan lokaci da kayan da suka dace. Ko da na farkon ne, ka lura ko ya ce garanti duka ya faɗi, ko kuwa ɓarnar da ta samo asali daga aikin wajen ce kaɗai ba za su ɗauka ba, domin tazarar da ke tsakanin biyun babba ce.

Abin da na fi so ka yi cikin makon nan shi ne ka mayar da komai rubutu. Ka rubuta musu wasiƙa mai kwanan wata, da lambar jikin mota, da kilomitan da take kai ranar da ka kawo ƙorafi, ka nemi su ba ka sakamakon kwamfuta da hotunan kyamara da dalilin ƙin gyaran a rubuce, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Amfanin wannan shi ne ya tabbata cewa matsalar ta bayyana garanti yana da rai, ko da jayayyar ta wuce wata takwas ɗin. Sau da yawa abin da ake faɗa da baki a gareji ba a yarda a sa masa hannu. Idan suka ƙi, ka aika kwafi ga uwar kamfanin da take wakiltar motar a ƙasa, bayan haka akwai hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa, tana karɓar irin wannan ƙorafi, har ta intanet. Kuma ina roƙonka kada ka bari kowa ya buɗe injin a waje kafin a gama wannan, duk da na san kuɗin zai fi sauƙi, domin ranar da aka kwance bututun nan hujjarka ta tafi.

Ga masu 'yar Kwatano da ke karantawa, garantin da kuke gani a takardun motar Amurka, irin shekara 3 ko mil 36,000, da na injin da giya mai shekara 5 ko mil 60,000 da Toyota take bayarwa a can, an rubuta shi ne domin can, kuma motar da inshora ta riga ta yanke wa hukuncin lalacewa kafin a yi gwanjonta galibi garantinta ya faɗi tun kafin ta hau jirgi.

Direba daga Kamba:

Ina gaida manya. Tambayata ga Baba Malam ce. Mu nan bakin iyaka, tun lokacin da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a ƙarshen 2019 muka saba da man jarka, kuma ko yanzu ba kullum ake samun na famfo ba. Motata 'yar Amurka ce, a murfinta an rubuta 91 kawai, tare da kalmar da aka fassara mini da cewa wajibi ne. Na ɗauka tunda namu 91 ne mun yi daidai, amma bayaninka ya sa jikina ya yi sanyi. Ina zuba mata ƙaramar kwalbar nan ta ƙarin okten duk cikon tanki, ko tana isa?

Tsohon malamin fasaha, Argungu:

Ɗana, jikinka ya gaya maka gaskiya. 91 na murfin motar Amurka shi ne kusan 95 a namu, kuma tunda an ce wajibi ne, injinka ba shi da sararin da na mai tambaya yake da shi. Yawancin kwalaben nan idan suka ce suna ƙara maki kaza, kashi ɗaya cikin goma na lamba suke kira maki, don haka mai cewa maki biyar rabin lamba ɗaya ya ƙara, kai kuwa lamba huɗu kake nema. Waɗanda suke ƙarawa sosai galibi suna ɗauke da sinadarin manganis, wanda yake barin jan tsatsa a bakin fulogi, yana kuma toshe matatar hayaƙin da kanikawa suke kira indomi, kuma littattafan motoci da dama sun yi gargaɗi a kansa. Ka cire fulogi ɗaya ka duba launinsa. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka rage wa injin wahala: kada ka taka totur har ƙasa da tsakar rana da lodi, idan ka ji ƙarar ka ɗaga ƙafa ka sauko giya, ka tabbata lagireto da fankarsa lafiya suke, ka cika tanki a gidan man da ka yarda da shi duk lokacin da ka shigo Birnin Kebbi.

Maganar maigidan gareji game da gaurayen mai na karɓa, ya fi ni ganin abin da ke faruwa yau.

Ma'aikaci daga Gesse, Birnin Kebbi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Daren jiya na zauna da ɗan littafin garanti, na samu sakin layin da Hajiya Lauya ta ce in nema. Ya ce ba za su ɗauki ɓarnar da ta faru sakamakon aikin da aka yi a wurin da ba su amince da shi ba, bai ce garanti ya faɗi ba. Na kuma binciko rasit ɗin juyen mai guda biyu cikin aljihun mota. Na farko yana ɗauke da sunan man da kaurinsa da kilomita, na biyu kuwa an rubuta juyen mai da matata kawai. Da safen nan na je wurin bakaniken, ya buɗe littafinsa muka ga ranar, kuma cikin ikon Allah ragowar galan ɗin yana nan a ɗakin ajiyata, a bayansa an rubuta API SP. Na ɗauki hotonsa.

Akwai abin da ban faɗa ba a farko domin ban ɗauke shi komai ba: tun bara nake ƙara kusan lita ɗaya ta baƙin mai tsakanin juye da juye, kuma na taɓa gaya musu da baki suka ce haka turbo take. Na sa wannan cikin wasiƙar, tare da roƙon a auna shan man a gabana, a duba bawul ɗin tururi da bututun turbo. Ranar Talata zan kama hanya da asuba in sha Allah. Maigidan gareji, idan sun cire bututun turbo a gabana, yaya zan bambance ɗan maiƙon da aka saba gani da wanda yake nuna yoyo?

Bakanike daga Gusau:

Malam, ka shafa yatsa a cikin bututun. Idan ya fito da ɗan damshi baƙi kamar ka taɓa murfin tukunyar miya, wannan an saba ganinsa. Idan kuwa aka karkata bututun mai ya gangaro ya ɗiga, ko aka samu ya kwanta a ƙasan na'urar sanyaya iskar da ke gaban lagireto, ka sa su tsaya ka ɗauki hoto da lambar motar a ciki, kuma a rubuta shi a katin aiki kafin kowa ya kawo tsumma. Allah ya kai ka lafiya.